Talaucin Unguwa da Jinyar Ƙarshen Rayuwa: Abin da Utako Ke Nunawa

Duk wanda ya sauka a ɗaya daga cikin tashoshin mota na Utako a birnin Abuja, abin da idonsa zai fara gani shi ne faffaɗan tituna, da otal-otal, da bankuna, da ofisoshin kamfanonin sufuri, da babbar kasuwa mai cika da jama'a tun daga hantsi har faɗuwar rana. A bayan waɗannan gine-gine kuwa akwai wata Utakon, wadda ake kira Ƙauyen Utako, tsohon mazaunin Gbagyi da birni ya taso ya kewaye. A can ne da yawa daga cikin 'yan dako, da 'yan garuwa, da masu gadi, da masu wankin mota, da mata masu sayar da abinci suke kwana, a matsattsun ɗakunan haya cikin lunguna marasa magudanar ruwa.

Tsakanin waɗannan Utako biyu tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Amma idan ciwon da ba ya warkewa ya kwantar da mutum, kamar sankara da ta bazu, ko ciwon ƙoda da ya kai maƙura, ko shanyewar ɓarin jiki, sai tazarar ta zama mai nisan gaske. Wani zai cika cikin natsuwa, an danne masa raɗaɗi, likita na duba shi, iyali na kewaye da shi. Wani kuwa zai shafe makonninsa na ƙarshe yana nishi a kan tabarma, alhali manyan asibitocin ƙasar nan suna 'yan kilomitoci kaɗan daga inda yake kwance. Abin da ke haddasa wannan bambanci ya wuce kuɗin da ke aljihun majinyaci shi kaɗai. Halin unguwar da yake zaune ma yana da nasa rabon.

Mece ce kulawar ƙarshen rayuwa?

Masana kiwon lafiya suna da wani fanni da ake kira kulawar sassauta raɗaɗi. Manufarsa ita ce rage wa mai fama da matsanancin ciwo azabar da yake sha, da kyautata ragowar kwanakinsa, da tallafa wa iyalinsa. Ya ƙunshi maganin zogi, da na amai, da na sarƙewar numfashi, da wanke gyambo, da kwantar da hankali, da taimaka wa iyali su fahimci halin da ake ciki. Ana iya fara shi tun ranar da aka gano cutar, tare da sauran magunguna. Kulawar ƙarshen rayuwa ita ce kashinsa na ƙarshe, wato watanni ko makonnin da likitoci suka tabbatar cewa warkewa ta yi wuya.

Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ce ta aza harsashin wannan fanni a zamanance, lokacin da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a shekarar 1967. Ta koyar da cewa raɗaɗin mai ciwon ajali bai tsaya ga jiki ba. Ya haɗa da tsoro, da damuwar abin da zai bar wa iyali, da tunanin makoma. A shekarar 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri yana kira ga ƙasashe su sanya wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu, musamman a matakin farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa a kowace shekara, miliyan 25.7 daga cikinsu suna cikin shekararsu ta ƙarshe a duniya. Kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samunta, kuma mafi yawan mabuƙatan suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Akwai masu ɗaukar cewa karɓar irin wannan kulawa tamkar fid da rai ne daga majinyaci. Bincike bai goyi bayan haka ba. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2010 kan masu sankarar huhu da ta bazu ya gano cewa waɗanda aka fara ba su kulawar da wuri sun fi samun natsuwa, kuma sun ɗan fi daɗewa a raye, kimanin wata 11 da rabi, a kan kusan wata 9 na waɗanda ba a ba su ba.

Talaucin mutum da talaucin unguwa

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a watan Nuwamban 2022 cewa 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa. Wannan ma'auni bai tsaya ga kuɗin shiga ba. Yana duba irin gidan da mutum ke ciki, da ruwan da yake sha, da makewayi, da makamashin girki, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya isa asibiti. Yawancin waɗannan abubuwa na unguwa ne, maƙwabta ke tarayya a cikinsu.

Saboda haka ana iya samun mutum biyu masu samu iri ɗaya, amma ƙarshen jinyarsu ya bambanta. Wanda ke zaune a unguwa mai hanya da wuta da kantin magani mai rajista, kuma maƙwabtansa suna da ɗan abin hannu, yana da inda zai jingina. Wanda ke zaune inda kowa ke neman na yau, ko da an so a taimake shi, babu abin taimakon. A unguwar da talauci ya game kowa, gudummawar da za a tara a masallaci ko coci ba ta kai kuɗin gwaji ɗaya, kuma da wuya a samu wani maƙwabci nas ko likita da zai leƙo ya ba da shawara.

Tun a 1971 wani likitan Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya lura cewa ingantaccen kiwon lafiya ya fi ƙaranci a inda aka fi buƙatarsa, musamman inda aka bar harkar a hannun kasuwa. Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba. Wani bincike a birnin New York a shekarar 2000 ya nuna cewa kashi 25 cikin 100 ne kawai na kantunan magani a unguwannin da ba fararen fata ne suka fi yawa ba ke ajiye isassun magungunan matsanancin raɗaɗi, alhali a unguwannin fararen fata adadin ya kai kashi 72. A Birtaniya kuma ƙungiyar Marie Curie ta ba da rahoto a 2022 cewa kimanin mutum 90,000 ke mutuwa cikin talauci a kowace shekara.

Kusa da asibiti, nesa da magani

An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamban 1991. Taswirar birnin ta kasa shi gunduma-gunduma, Utako tana cikin kashi na biyu na ginin, tare da Jabi da Mabushi da Wuye. An tsara cewa za a sake wa mazauna asali matsuguni, amma aikin bai kammala ba, shi ya sa ƙauyuka kamar na Utako da Jabi da Mabushi da Garki suka ci gaba da zama a tsakiyar birni. Tsadar haya ta sa masu ƙaramin ƙarfi daga sassan ƙasar nan suka cika su. Sauran ma'aikatan kasuwa da tasha kuwa suna zuwa kullum daga Gwagwa da Karmo da Dei-Dei da Kubwa da Nyanya, wasu ma daga Mararaba a Jihar Nasarawa ko Suleja a Jihar Neja.

Da yake hukuma tana kallon irin waɗannan unguwanni a matsayin na wucin gadi, ba a cika zuba musu ayyukan more rayuwa ba, kuma barazanar rusau ba ta rabuwa da su. Mai gida ba ya son kashe kuɗi a ginin da za a iya rushewa gobe, ɗan kasuwa ba ya son buɗe babban kantin magani a wurin, mazauna kuma ba su da tabbataccen adireshin da ma'aikacin lafiya zai bi ya same su.

A kan takarda, mazaunin Utako yana cikin masu sa'a. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi tana maƙwabtaka da shi. Asibitin gundumar Wuse yana kusa. Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999 kuma yake da na'urorin gashin sankara, yana tsakiyar birni. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja yana Gwagwalada. Sai dai kusancin gini ba ya nufin samun magani. An hana acaba a tsakiyar birnin tun 2006, an kuma taƙaita zirga-zirgar Keke Napep a manyan tituna. Majinyacin da ba ya iya zama ba zai shiga motar haya ta mutum shida ba. Dole a ɗauki shata, kuma sau da yawa sai an ɗauko shi a hannu daga lungu zuwa inda mota za ta iya tsayawa. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin shatar zuwa da dawowa na iya cinye abin da ɗan dako ke samu a yini, kafin a zo maganar kati da gwaji.

Makara tun daga farko

Yadda jinya za ta ƙare ya danganta ƙwarai da yadda ta fara. Alƙaluman cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna cewa an samu sabbin masu sankara kusan 128,000 a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 kuma suka rasu. Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna kokawa cewa mafi yawan majinyata suna isowa asibiti bayan cutar ta yi nisa.

A unguwar masu ƙaramin ƙarfi, asibitin farko shi ne kemis. Matar da ta ji ƙullutu a ƙirjinta za ta fara da maganin kashe zafi da na ƙwayoyin cuta, daga nan ta koma ga na gargajiya, domin yini guda a layin asibiti yana nufin yini guda babu ciniki. Mai hawan jini ba ya sanin yana da shi sai ranar da ya faɗi. Mai ciwon suga yana shan magani ne a watan da kuɗi ya samu. Kafin a kai ga ƙwararren likita, an riga an kashe ɗan abin da aka tara, cutar kuma ta wuce matakin da za a iya warkar da ita. Wato talakan unguwa yana shiga kashin ƙarshe na jinya da wuri, kuma yana shigarsa da hannu wofi.

Nauyin aljihu

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. A watan Mayun 2022 aka sanya hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Birnin Tarayya ma yana da nasa shirin inshorar. Duk da haka, mafi yawan masu inshora ma'aikatan gwamnati ne da na manyan kamfanoni. Mai tura baro a kasuwar Utako ba shi da albashin da za a cira daga ciki, kuma sau da yawa bai ma san akwai ƙofar da zai bi ya yi rajista ba.

Misalin wankin ƙoda ya isa ya nuna girman nauyin. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na Jabi. Wannan sauƙi ne babba. Amma mai ciwon ƙoda da ya kai maƙura yana buƙatar wanki sau uku a mako, wato kimanin naira 144,000 a wata, ban da magunguna da ƙarin jini da kuɗin mota. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Iyalin da ba su da mai tallafa musu sukan yi wanki na 'yan makonni, su sayar da babur ko keken ɗinki, daga nan su tsaya. A daidai wannan gaɓa ce majinyaci ya fi buƙatar wanda zai kula da kumburi da amai da sarƙewar numfashi, kuma a nan ne alaƙarsa da asibiti ke yankewa.

Akwai kuma Asusun Tallafa wa Masu Sankara, wanda ya fara aiki a asibitoci shida, ciki har da Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na tarayya da ke Gombe, domin masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Sai dai kafin mutum ya cancanta, dole a tabbatar da cutar ta hanyar gwaje-gwaje, a kuma cike takardu. Wanda ya kasa biyan gwajin farko ba ya isa bakin ƙofar tallafin.

Maganin da ke da arha amma ba ya samuwa

Babban makamin yaƙi da matsanancin raɗaɗi shi ne mofin, musamman na ruwa da ake sha ta baki. Tsohon magani ne, ba shi da tsada, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Tun 1986 hukumar ta fitar da matakai uku na magance raɗaɗin sankara: a fara da masu sauƙi kamar farasitamol, a hau zuwa matsakaita, sannan a kai ga mofin idan ciwon ya tsananta.

Rabon wannan magani a duniya yana cike da rashin daidaito. Kwamitin mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da dangoginsa da ake rarrabawa, kuma abin da Najeriya ke samu bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarta ba.

Dalilin yana da nasaba da doka da kuma tsoro. Mofin yana cikin magungunan da ake sa wa ido sosai, don haka akasari a kantunan maganin manyan asibitoci ake samunsa, bisa takardar likita. Daga 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da abokan hulɗa na waje, ta soma shigo da garinsa domin a riƙa haɗa na ruwa a wasu asibitocin koyarwa. Wannan ya kawo ci gaba, amma maganin bai sauko zuwa cibiyoyin lafiya na unguwanni ba. Annobar shaye-shayen tiramadol da kodin, wadda ta sa aka haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, ta ƙara sa ma'aikata da iyalai ɗari-ɗari da duk wani magani mai ƙarfi.

Sakamakon haka abin takaici ne. A lungunan birni ya fi sauƙi matashi ya samu ƙwaya ta ɓarauniyar hanya, a kan dattijo mai sankarar ƙashi ya samu mofin ta halal. Iyali sukan koma ga abin da kemis ke da shi, su yi ta ba majinyaci magunguna irin su dikulofenak ba ƙaƙƙautawa, waɗanda ba sa danne irin wannan raɗaɗi, kuma suna iya illata ciki da ƙoda. Ko wanda ya dace aka rubuta masa mofin, duk lokacin da ya ƙare sai wani ya bar sana'arsa ya koma asibiti ya bi layi.

Ɗakin da ake jinya

Mafi yawan mutanenmu sun fi son su cika a gida, a gaban iyali. Wannan buri ne mai kyau, amma yana buƙatar gidan da zai iya ɗaukar jinya. Majinyacin da ba ya tashi yana buƙatar a juya shi kusan duk bayan awa biyu don kada fatarsa ta yi gyambo, a sauya masa shimfiɗa, a wanke shi, a wanke tufafinsa. Duk wannan ruwa yake ci, kuma a unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, tsafta ma kuɗi ce. Makewayi na tarayya ne da sauran 'yan haya, a can ƙarshen gida. Ɗaki ɗaya ne ga miji da mata da yara, ga zafin kwano a watannin Maris da Afrilu, ga hayaƙin gawayi. Mai sarƙewar numfashi da ke buƙatar na'urar iskar shaƙa yana buƙatar wuta mai ɗorewa ko janareta da mai.

Nauyin jinyar kuwa kusan kullum a wuyan mata yake sauka: matar aure, ko 'ya, ko suruka. Idan mai tuyar ƙosai ta zauna jinyar mijinta, samun gidan ya tsaya ta fuska biyu. Yarinya kan bar makaranta domin ta taimaka. Bayan rasuwa, iyali suna fita da bashi, an sayar da jari, wani lokaci ma kuɗin haya ya gagara. Haka jinya ɗaya ke tura gida gaba ɗaya cikin talaucin da ya fi na da.

Akwai kuma rukunin da ba a cika tunawa da su ba, wato magidanta da samarin da suka zo neman kuɗi suka bar iyali a Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, suna kwana mutum biyar ko shida a ɗaki, wasu a shago ko tasha. Idan ɗayansu ya kwanta ciwo mai tsanani, abin da 'yan garinsu ke iya yi shi ne su haɗa kuɗin mota a mayar da shi gida. Wannan zumunci ne abin yabo. Sai dai sau da yawa ana tafiya ba tare da takardar bayanin likita ko maganin raɗaɗi ba, a kai shi ƙauyen da ya fi Utako nisa da asibiti.

Abin da ke ƙasa da abin da wasu suka yi

Najeriya ba daga sifili take farawa ba. A Ibadan, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun yi fafutukar da ta kai ga buɗe sashen wannan kulawa a Asibitin Koyarwa na jami'ar a 2007, akwai kuma ƙungiyar ƙwararrun fannin ta ƙasa. A 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan wannan kulawa. Matsalar ita ce yawancin ayyukan suna cikin harabar manyan asibitoci, suna jiran majinyaci ya zo, alhali wanda ya fi buƙata shi ne wanda ba ya iya zuwa.

Yuganda ta nuna cewa ana iya juya wannan tsari. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa wata cibiya a Kampala da ke haɗa mofin na ruwa mai arha, ma'aikata suna kai shi har gida. A 2004 ƙasar ta sauya doka ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta maganin, domin likitoci ba su isa ba. A jihar Kerala ta Indiya kuwa, tun daga shekarun 1990 aka gina tsarin da 'yan sa-kai na unguwa ke gano majinyatan da ke kwance a gidaje, su riƙa ziyartarsu, su haɗa su da ma'aikatan jinya da likitoci. A 2008 jihar ta mayar da shi manufar gwamnati. Babu ɗaya daga cikin wuraren nan biyu da ya jira sai ya yi arziki.

Hanyar da za a bi

Abubuwan da Kerala ta dogara a kansu akwai su a Utako. Akwai masallatai da coci-coci, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, da fadar sarkin ƙauye da sarakunan al'ummomin baƙi, da ƙungiyoyin mata masu adashi. Musulunci da Kiristanci duk sun ɗauki duba mara lafiya a matsayin haƙƙi. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan al'ada da ilimin jinya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matakin farko shi ne a horar da ma'aikatan cibiyoyin lafiya na matakin farko a Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja kan auna raɗaɗi da kula da gyambo, a kuma ba su abin hawa da lokacin ziyartar gidaje. Na biyu, a samar da hanyar da mofin na ruwa zai sauko daga manyan asibitoci zuwa asibitocin gundumomi, da rajista da sa ido na hukumomin NAFDAC da NDLEA, yadda za a tsare shi daga masu shaye-shaye ba tare da an hana majinyaci ba. Na uku, shirye-shiryen inshora su fayyace cewa maganin raɗaɗi da ziyarar gida suna cikin abin da suke biya, a kuma kai teburin rajista cikin kasuwa da tasha. Na huɗu, kada a sallami mai ciwon da ba ya warkewa da kalmar "a je gida a ci gaba da addu'a" kaɗai. A haɗa shi da takardar bayani, da magani, da lambar wayar da iyali za su kira idan dare ya yi tsanani.

Iyalai ma suna da abin da ya kamata su sani. Suna da haƙƙin tambayar likita gaskiyar matakin da ciwo ya kai, da abin da kowane magani zai iya yi da wanda ba zai iya ba, kafin su sayar da gona ko jari. Suna iya tambaya kai tsaye ko asibitin yana da sashen sassauta raɗaɗi da ofishin jin daɗin majinyata. Mofin da likita ya rubuta, aka sha bisa ƙa'ida, ba ya gaggauta ajali; abin da ya fi haifarwa shi ne taurin bayan gida da ɗan barci a kwanakin farko, kuma duk ana magance su. Idan za a mayar da majinyaci garinsu, a nemi takardar tura shi zuwa asibiti mafi kusa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Zariya, a kuma tafi da maganin da zai isa hanya da makonnin farko.

Asabar ta biyu ta kowane watan Oktoba ita ce ranar wannan kulawa ta duniya, kuma akan yi taruka a manyan ɗakunan taro na Abuja. Ma'aunin nasarar waɗannan taruka yana cikin lungunan Ƙauyen Utako da Gwagwa da Karmo: ko akwai ma'aikaciyar jinya da ta san ƙofar ɗakin da majinyaci ke kwance, kuma ko kwalbar maganinsa tana isowa kafin ta baya ta ƙare.